Wa Ke Cin Riba Da Ciwon Iyayenmu Mata?

Akwai wata sana'a da ta yi kasuwa a ƙasar nan, wadda ba ta bukatar jari sai lasifika da zaƙin baki da rashin tsoron Allah. Duk wanda ya saba cin kasuwannin ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ya san masu ita. Sukan zo da mota ko babur, su baje kwalabe da ƙwayoyi masu ƙyalli, su yi ta rantsuwa cewa abin da ke ciki yana maganin basir da sanyi da hawan jini, ya kuma narkar da ciwon daji. Yanzu sun sami ƙanne 'yan boko waɗanda ba sa shan rana, domin su a wayar hannu suke tallarsu. Waɗannan sun fi haɗari, saboda sun iya aron bakin likitoci. Za ka ji suna cewa masana sun gano bitamin A yana kashe ƙwayoyin ciwon dajin nono, saboda haka mace ta sayi kwalba uku ta huta da wuƙar asibiti. Mu ɗalibai da talakawa suka biya haraji aka karantar da mu, wajibi ne mu warware wa jama'a inda gaskiyar wannan magana ta tsaya da inda damfara ta fara.

Bari mu fara da girman bala'in, don kada wani ya ce muna kururuwa a kan ƙaramin abu. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 mata fiye da 32,000 suka kamu da ciwon dajin nono a Nijeriya, fiye da 16,000 kuma suka rasu da shi. Wani nazari da aka buga a 2016 ya tattara rahotannin asibitocin Afirka kudu da Sahara, ya tarar kimanin kashi 77 cikin 100 na baƙaƙen mata ba sa isa gaban likita sai ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu. Wani kuma na 2020, wanda ya bi sawun marasa lafiya a ƙasashen Afirka biyar, ya tarar a cikin matan Nijeriya da ya bi, kashi 36 cikin 100 kaɗai ke da rai bayan shekara uku da gano ciwon, alhali a cikin fararen matan Namibiya kashi 90 ne. Ciwo ɗaya, nahiya ɗaya. Abin da ya raba su shi ne lokacin da aka gano ciwon da irin maganin da aka samu.

To, mene ne ilmi ya tabbatar? Jikin mace yana da wani sinadari da ake kira istirojin, wanda galibinsa daga ma'ajiyar ƙwai yake fitowa muddin mace tana al'ada. Shi ke tayar da nonon budurwa, shi ke shirya jiki don ɗaukar ciki. Yadda yake aiki kuwa kamar kwaɗo ne da mabuɗi. A cikin ƙwayoyin halittar nono akwai wata makarɓa da ta dace da shi. In ya shiga ya kama ta, sai su biyun su zauna a kan kundin gadon ƙwayar, su ba ta umurni ta rabu biyu ta hayayyafa. Ga lafiyayyen nono wannan rahama ce. Amma in ƙwayar ta riga ta lalace ta zama ta daji, kuma makarɓar tana nan a cikinta, to istirojin ya zama takin da ke ciyar da ƙari.

Wannan sani ba jiya aka same shi ba. Tun a 1895 wani likitan fiɗa a birnin Gilasgo, George Beatson, ya cire ma'ajiyar ƙwai ta wata mace da ciwon ya ci ƙarfinta, ya ga ƙarin ya motse. Bai san sunan sinadarin ba, amma ya ga aikinsa. A 1958 Elwood Jensen na Jami'ar Shikago ya gano makarɓar kanta. A 1962 aka haɗa wani magani a Ingila da niyyar hana ɗaukar ciki, bai yi wannan aikin ba, sai daga baya aka lura yana shiga ramin kwaɗon nan ya toshe shi, istirojin ya zo ya rasa wurin shiga. Sunansa tamoksifen, kuma tun 1973 aka amince da shi a Ingila don ciwon dajin nono. A 2011 masana a Okasfod suka tattara sakamakon gwaje-gwaje 20 da suka shafi mata fiye da 20,000. Suka tarar macen da ƙarinta ke da makarɓar istirojin, in ta sha tamoksifen shekara biyar bayan aiki, haɗarin dawowar ciwon yana raguwa da wajen rabi a shekarun farko, haɗarin mutuwa da shi kuma da wajen kashi ɗaya cikin uku har tsawon shekara 15. Ƙwaya ɗaya ce a rana, tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma tana daga cikin mafiya arha a magungunan daji. Ga matan da suka daina al'ada akwai wasu ƙwayoyin, irin su anastirozol da letirozol, masu hana kitsen jiki sarrafa ɗan istirojin da ya rage.

Amma fa akwai sharaɗi, kuma a nan ne aka zalunce mu. Macen da ƙarinta ba shi da makarɓar nan, tamoksifen ba ya yi mata kome sai ɓata lokaci, ga shi kuma yana da nasa lahani, domin yakan ƙara haɗarin daskarewar jini da ciwon dajin mahaifa. Saboda haka kafin a ba mace shi, dole a yanki 'yar tsoka daga ƙarin a gwada a ɗakin bincike. Wannan gwaji shi ne mabambanta hanya, shi ke faɗa wa likita ko ƙwaya mai arha za ta taimaka ko sai an bi wata hanyar. Kuma gwajin yana da ladabi: tsokar da aka yanka ana so ta shiga ruwan fomalin mai kyau cikin sa'a guda, ta zauna ciki daga sa'a 6 zuwa 72. In aka bar ta a faranti cikin zafin bazara, ko aka jefa ta a gurɓataccen ruwa aka yi kwanaki ana neman kuɗin mota, makarɓar takan lalace, gwaji ya ce babu alhali akwai.

Kada a ɗauka wannan ƙaramar magana ce. A 2008 wani bincike a Ibadan ya sami makarɓar a wajen kashi 65 cikin 100 na matan da aka gwada. A 2009 wani binciken na ayarin Farfesa Olufunmilayo Olopade, a kan tsokokin da aka tara daga Nijeriya da Senegal, ya same ta a kashi 24 kaɗai. Da masana suka sake duba rahotannin Afirka gaba ɗaya a 2014, suka nuna cewa yadda ake adana tsoka da yadda ake gwada ta suna da hannu a wannan saɓani. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, mai yiwuwa ne a hana wata uwa daga Furana ko Hunkuyi maganin da zai tsawaita ranta, a kan laifin kwalbar fomalin da ba a tanada ba.

Yanzu mu komo kan bitamin A, jarin masu lasifika. Ƙaryar da ta fi wuyar kamawa ita ce wadda aka gina a kan guntun gaskiya, kuma tasu irin wannan ce. Jiki yana juya bitamin A ya zama wani sinadari mai suna ritinoyik asid, wanda shi ma yana da tasa makarɓa a cikin ƙwayar halitta. A 1987 ayarin Pierre Chambon a Faransa da na Ronald Evans a Amurka suka gano ta, kowa a nasa ɗakin bincike, aka kuma ga ashe dangi ɗaya suke da makarɓar istirojin. Bambancinsu a umurnin da suke bayarwa yake. Istirojin yakan ce wa ƙwaya ta hayayyafa, shi kuwa ritinoyik asid galibi yakan ce mata ta balaga ta kama aikinta, ko kuwa ta mutu in ta lalace. In aka zuba shi a kan ƙwayoyin dajin nono da ake renonsu a faranti, musamman masu makarɓar istirojin, sau da yawa sukan rage yaɗuwa. Har ila yau akwai wani nau'in ciwon dajin jini da wannan sinadari ya zama waraka gare shi, tun daga aikin da likitocin Shanghai a ƙarƙashin Wang Zhenyi suka buga a 1988. Duk wannan gaskiya ne, ba mu musa ko ɗaya.

Sai dai faranti daban, jikin mace daban. Su kansu masanan ba su gama daidaita bakinsu ba a kan yadda makarɓun biyu ke zama da juna. A 2009 wani ayari a Shikago ya nuna cewa suna ribibin wuraren zama ɗaya a kundin gado, ɗaya tana warware abin da ɗaya ta ƙulla. A 2010 wani ayarin a Kambirij ya nuna cewa ɗaya daga cikin makarɓun ritinoyik asid abokiyar aikin makarɓar istirojin ce, har ma istirojin yana bukatarta kafin ya sa ƙwayar daji ta hayayyafa. Watau abin da mai talla yake rantsuwa a kansa da Alƙur'ani, waɗanda suka ƙare rayuwarsu a kansa har yanzu muhawara suke yi.

Da aka fita daga faranti aka gwada a jikin mutane, me aka gani? A 1987 Umberto Veronesi da abokan aikinsa a Milan ta Italiya suka fara gwada wani ɗan gidan bitamin A da aka haɗa a masana'anta, mai suna fenritinaid, a kan mata 2,972 waɗanda aka riga aka yi wa aikin ciwon nono, don a ga ko zai hana shi sake ɓullowa. Rabi suka sha shekara biyar, rabi ba su sha ba. Da sakamako ya fito a 1999, in aka haɗa matan gaba ɗaya babu bambanci. An dai ga alamar amfani ga waɗanda ba su daina al'ada ba, kuma da aka sake dubawa a 2006 alamar tana nan, wajen ragin kashi 38 cikin 100, amma ga waɗanda suka daina al'ada ba a ga wannan amfani ba. Alama ce mai sa a ci gaba da bincike, ba ta kai hujjar da za a sa wa magani hannu ba, shi ya sa har yau fenritinaid bai shiga cikin magungunan da aka amince da su don ciwon nono ba. Abin mamaki ma, yakan rage bitamin A na cikin jini, har wasu masu shansa su riƙa fama da dundumi. To in maganin da aka ƙera musamman, aka gwada a kan mata kusan 3,000, bai ci jarrabawa ba, ina ga ƙwayar da ba a san inda aka cusa ta a kwalba ba?

Wani zai ce ai ko ba ta yi magani ba, ba za ta cutar ba, tun da bitamin ce. Wannan ma kuskure ne mai kisa. A Finlan an ba maza masu shan taba fiye da 29,000 ƙwayoyi don a ga ko za su kare su daga ciwon dajin huhu. Sakamakon 1994 ya nuna waɗanda suka sha bita-karotin, watau abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, sun fi kamuwa da kashi 18 cikin 100. A Amurka aka yi irinsa da bita-karotin haɗe da bitamin A a kan mutum fiye da 18,000, dole aka tsayar da shi a 1996 domin ciwon ya ƙaru da kashi 28. Bitamin A ba ya fita da fitsari in ya yi yawa, a hanta yake taruwa har ya lalata ta. Ga mai juna biyu kuwa, yawansa yana nakasa ɗan tayi. Zuma ce, da zaƙi da harbi. Kuma babbar cutarwar ita ce watannin da mace za ta ɓata tana jiran kwalba ta yi aiki, ƙari kuwa yana tafiya daga nono zuwa hammata, daga hammata zuwa ƙashi da huhu.

Kada a juya mana magana a ce ɗalibai sun hana shan bitamin A. Ƙarancinsa cuta ce ta gaske a ƙasarmu, shi ke kawo dundumi, yana makantar da yara, yana sa ƙyanda da gudawa su fi kisa. Saboda haka ne ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 shi a makon lafiyar mata da yara, kuma tun 2002 doka ta wajabta sa shi a sukari da man girki da fulawa. Uwa ta kai ɗanta a ɗiga masa. Ita kuma ta nemi nata a inda Allah Ya ajiye shi, a zogale da alayyafo da kabewa da karas da manja da mangwaro da gwanda da ƙwai, abubuwan da ƙasar Zazzau ba ta rasa ba. Akwai ma nazarin 2012 da ya ga matan da jininsu ke da yalwar sinadaran irin waɗannan ganyaye da 'ya'yan itatuwa sun ɗan fi tsira daga ciwon nono. Wannan hujja ce ta gyara tukunyar miya. Ba ta ba kowa izinin sayar da kwalba ga mai ƙari a ƙirji ba.

Akwai kuma abin da iyayenmu ke yi tun fil azal wanda ilmi ya gaskata. Nazarin 2002 da ya haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30 ya nuna kowace shekara guda ta shayarwa tana rage haɗarin ciwon nono da wajen kashi 4 cikin 100. Amma ragi ne kurum. Uwar 'ya'ya goma ma tana kamuwa, kada wata ta ce ita ta tsira.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma amsa ce mai nauyi. Za a ce talaka ba wauta ke kai shi wurin mai lasifika ba, babu ce. Manomin rake a Makarfi ko mai tumatir a Ikara, in aka lissafa masa kuɗin mota da na gwaji da na aiki da na ƙarin ruwan magani da na gashi, sai ya ga ko ya sayar da gona ba za ta kai ba, ga mai kwalba kuwa a bakin ƙofa yana karɓar abin da ya sawwaƙa. Mun yarda. Shi ya sa ba mu tsaya ga mai lasifika ba, domin ɓarawo ba ya shiga sai inda aka bar ƙofa a buɗe. A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya, kuma Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cika shi ba. Cibiyoyin gashin ciwon daji a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 'yan ƙalilan ne. Mu mun yi sa'a ɗaya daga cikinsu tana Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kusa da mu, kuma asibitin yana cikin shida na farko da aka zaɓa don asusun tallafa wa masu ciwon daji marasa galihu. Amma mace nawa a ƙauyukan Kudan ta taɓa jin labarin wannan asusu? Tallar mai kwalba ta isa kowane zaure, sanarwar hukuma kuwa ta tsaya a ofis. Manyan da ke sa hannu a kasafin kuɗi, in matansu suka ji kullutu, jirgi suke hawa zuwa Landan ko Alƙahira ko Indiya.

Sa'an nan akwai laifin da ke cikin gidajenmu. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, mu kuwa muna cewa wannan ciwon na gida ne duka. Mace takan ji kullutu ta yi shiru don kunya, ko don tsoron a cire nono miji ya juya mata baya ya ƙaro wata. In ta faɗa, sai a ce jifa ne ko sammun kishiya, a yi ta turare da shafe-shafe har wurin ya fashe. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma addininmu ya umurce mu da neman magani. Maigidan da ya hana matarsa ganin likita, ko ya ƙi sa hannu a yi mata aiki don yana ƙyamar ganinta da nono ɗaya, ya shirya amsar da zai bayar gobe kiyama.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ƙasashe ma'auni uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu ciwon tun yana mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, kuma kashi 80 su gama magani har ƙarshe. A kan wannan ma'auni muke gabatar da bukatunmu.

Na farko, gwamnatin Jihar Kaduna da ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan su horar da ma'aikata mata a kowace ƙaramar cibiyar lafiya su iya duba nono da hannu, su kuma san inda za su tura mace ba tare da jinkiri ba. Makarfi ta daɗe tana yaye ma'aikatan lafiya, ba za a ce babu masu yi ba.

Na biyu, duk asibitin da ake yanka tsokar nono a tanadar masa fomalin mai kyau da hanyar kai tsokar ɗakin bincike a kan lokaci, gwajin makarɓar istirojin kuma ya shiga cikin abin da inshorar lafiya ke biya. Kada a ba mace tamoksifen a makance, kada kuma a hana ta shi a makance.

Na uku, hukumar NAFDAC ta bi kasuwanni da gidajen rediyo da shafukan intanet, duk wanda ya ce kwalbarsa tana warkar da ciwon daji ya kawo hujja ko ya fuskanci shari'a. Gidan rediyon da ya karɓi kuɗin irin wannan talla abokin tarayya ne a cikin laifin.

Na huɗu, malamanmu na jami'a su yi bincike a kan matanmu, a san kashi nawa na masu ciwon a ƙasar Hausa ke da makarɓar nan, a daina auna mu da mudun wasu.

Na ƙarshe yana wuyanmu, 'yan'uwa ɗalibai. Hutu yana zuwa, kowa zai koma garinsu. Ɗalibai mata su zauna da iyaye da yayye da gwaggonni a tsakar gida su faɗa musu alamomin: kullutu ko da ba ya zafi, fatar nono ta yi kamar ɓawon lemo, kan nono ya shige ciki, jini ko ruwa yana fita, kaluluwa a hammata. Su gaya musu yawancin kullutu ba daji ba ne, amma likita kaɗai ke iya rabewa. Maza kuma su yi wa iyaye maza da limamai da masu unguwanni bayani a zaure da majalisa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In mai lasifika ya sake tsayawa a kasuwar garinku yana rantsuwa da bitamin A, ku matsa kusa cikin ladabi, a gaban jama'a, ku tambaye shi a wane asibiti aka gwada kwalbarsa, a kan mata nawa, kuma nawa ne suka warke.